Yadda Ake Sa Yaro A Makarantar Gwamnati A New York Ga Iyalin Da Suka Zo Sabo

Iyalai da dama da suka sauka a yankin Bronx na birnin New York daga Nijar, Najeriya ko Ghana sukan bar yaro a gida wata biyu ko uku, suna jiran takardun zama su fito. Wannan jira asara ce kawai. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Plyler da Doe cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda rashin takardar zama. A jihar New York kuwa, daga shekara 5 zuwa 21 duk wanda bai kammala sakandare ba yana da haƙƙin karatu kyauta.

Mataki na farko: tara takardu

A tanadi shaidar shekarun yaro, wato takardar haihuwa ko fasfo, da katin rigakafi, da shaidar adireshi guda biyu, kamar takardar haya da takardar kuɗin wuta ko gas. Ba a buƙatar biza, kuma rashin lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa don aiki da haraji, ba ya hana rajista.

A wajen adireshi ne mutanenmu suka fi tsayawa, domin sabon zuwa yakan sauka ne a gidan ɗan uwa, babu sunansa a takardar haya. Mai gidan zai iya cike takardar shaida cewa kuna zaune tare. Idan kuma rashin hali ne ya sa kuka raɓa da wani iyali, ko kuna gidan agaji, dokar McKinney-Vento, wadda ke kare karatun yaran da ba su da tsayayyen mazauni, ta ce a karɓi yaron nan take, a kawo sauran takardu daga baya. Ku faɗi halin da kuke ciki a fili, kunya ba ta da amfani a nan.

Katin rigakafin asibitin ƙasarku ma a kai shi, kada a jefar. Makaranta na ba da kwana 14 a kawo shaida, ana iya ƙarawa zuwa 30 ga wanda ya zo daga wata ƙasa.

Mataki na biyu: rajista

Ɗan firamare yawanci yana da makarantar da adireshinsa ya faɗa cikin yankinta, can za a fara zuwa. Ɗan babbar sakandare sai a kai shi ofishin Family Welcome Center, inda ake sama masa gurbi. Ana karɓar sabon zuwa a kowane wata na shekarar karatu, ba sai Satumba ba.

Mataki na uku: harshe

Za a ba ku fom da ke tambayar harshen da ake yi a gida. Ku rubuta Hausa idan ita kuke yi. Wasu iyaye na rubuta Turanci don tsoron kada a mayar da yaro baya, sai a bar shi ba tare da gwaji ba, ba kuma tare da darasin ƙarin Turanci ba. Yaron da ya yi karatu da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram yana buƙatar wannan darasi sosai. Tafinta ma haƙƙinku ne, kyauta, ko da ta waya ce. Ku nemi mai jin Hausa. Kada a sa yaro ya yi tafinta a zaman da ake maganar kansa.

Mataki na huɗu: takardun sakamako na matashi

Nan ne ya fi kamata a natsu. Kafin ɗalibi ya kammala sakandare a birnin New York sai ya tara makin darussa 44, wato makin da ake ba shi kan kowane darasin da ya ci, kuma makaranta na iya lissafa masa abin da ya riga ya karanta a ƙasarku, amma sai ta ga shaida. Ku kawo katin sakamako na kowace shekara, mai hatimi, wanda ya nuna darussa ɗaya bayan ɗaya, haɗe da sakamakon WAEC ko BEPC idan akwai. Wanda ya zo hannu rabbana yana ɗan shekara 17 akan sa shi aji na 9, wato shekarar farko ta babbar sakandare, ya sake shekara huɗu, har ya gaji ya koma aikin kai saƙo. Idan takardun na gida, a sa ɗan uwa ya je makarantar ya karɓo, ya fara turo hoto ta WhatsApp kafin na asali su iso. Daga nan ku zauna da malamin ba da shawara, ku tambaye shi maki nawa aka ba yaron, nawa ya rage.

Haka kuma, kada ku amince da wanda ya ce ɗan shekara 18 ko 19 ya wuce shiga sakandare. Doka tana tare da shi har 21.

Abincin rana kyauta ne ga kowa tun 2017, kuna iya tambayar ko makarantar na da na halal. Makarantun birnin suna hutun ƙaramar Salla da babba.

Mataki na biyar: hanyar jami'a

A shekarar ƙarshe ake cike fom ɗin FAFSA na tallafin gwamnatin tarayya, wanda galibi ake buɗewa a Oktoba. Na ɗan ƙasa ne, da mai katin zama na dindindin, da wanda aka ba mafaka. Matsayin ɗalibi ake dubawa, don haka yaron da aka haifa a Amurka ya cancanta ko da iyayensa ba su da takarda, sai dai irin wannan iyali su fara jin shawarar lauyan shige da fice, domin fom ɗin na neman bayanan iyaye.

Ɗalibin da ba shi da takarda ba ya samun kuɗin tarayya, amma dokar DREAM ta jihar New York, ta 2019, ta buɗe masa tallafin jiha. Idan ya yi aƙalla shekara biyu a sakandaren jihar ya kuma kammala, zai iya biyan kuɗin 'yan jiha a jami'o'in gwamnati na birnin (CUNY) da na jihar (SUNY), muddin ya nemi shiga cikin shekara biyar da kammalawa.