Yadda Ake Sabunta Tsohon Wasan Tsalle-Tsalle Don Na'urorin Zamani

Mai son sabunta tsohon wasan bidiyo ya fara da neman izinin masu haƙƙin mallaka, sannan ya buga na asalin har ƙarshe, yana auna nisan kowane tsalle da saurin dirar gwarzon wasan, domin a ganina nan ne daɗin yake. Da kamfanin Vicarious Visions ya sabunta wasan Crash Bandicoot na 1996 a shekarar 2017, tsallen ya ɗan sauya, har masu bugawa suka riƙa zamewa daga bakin dakali. Sai an daidaita tsalle kafin a shiga gyaran zane da sauti. Kafin a fitar da wasan da aka sabunta, a kai shi gidajen gem na Ƙofar Ƙaura a Katsina, a miƙa wa tsofaffin hannu, a lura da inda yatsunsu ke kuskurewa.