Yadda malami zai haɗa wa ɗalibansa kundin ayyuka a waya

Katin sakamakon da ake miƙa wa yaro a ƙarshen zango lambobi ne zalla: 54 a Lissafi, 61 a Turanci, sai malamin aji ya rubuta a ƙara ƙoƙari, ya sa hannu. Katin ba ya nuna ko rubutun yaron ya gyaru tsakanin Satumba da Disamba, ko ya daina sarƙewa in yana karatu. Littattafan da za su ba da wannan shaidar kuwa ba su cika kai ƙarshen shekara ba. Wani ruwan damina ya jiƙa shi, wani ƙanin yaron ya yayyage, wani ya cika an yar. Maganin wannan shi ne kundi a waya: folda guda ga kowane ɗalibi, inda ake ajiye hotunan wasu ayyukansa da muryarsa, kowane da kwanan wata, don a riƙa ɗora na jiya kusa da na yau. Malamin da ke koyarwa a Jos, a Anguwar Rogo yake ko Gangare ko Tudun Wada, zai iya farawa da wayar da ke aljihunsa.

Da farko, ka ɗauki aji ɗaya da darasi ɗaya, ka tsayar da abin da kake son ganin ya canza. In malamin firamare uku ne, karatu a bayyane da kyawun rubutu sun isa. In Lissafi kake koyarwa a ƙaramar sakandare, hanyar da yaro ya bi ya kai ga amsa ita za ka adana. A Islamiyya kuwa tilawa ce, domin kunne ke hukunci a kanta. Wanda ya ce zai haɗa azuzuwa biyar lokaci guda, kafin hutun tsakiyar zango zai gaji ya watsar.

Sai neman izini, kuma kada a tsallake shi. Ka fara da shugaban makaranta, sannan iyaye. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta nemi a samu yardar uba ko uwa ko mai riƙo kafin a tattara bayanan yaro. Takarda 'yar gajeriya ta wadatar: me za a ɗauka, ina za a ajiye, wa zai gani, yaushe za a goge. Ka rubuta ta da Hausa da Turanci, domin a garin nan iyaye da yawa, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, sun fi saurin fahimta da Hausa. Za ka samu masu cewa ba su yarda a ɗauki fuskar 'yarsu ba, kuma suna da gaskiya. Kundin ma ba ya buƙatar fuskar kowa. Takarda da hannu da murya su ne abin ɗauka.

Yanzu ma'ajiya. Ka buɗe sabon adireshin Gmail da sunan ajin, daban da naka, don kada aikin yara ya cakuɗa da hotunan bikin gidanku. Kowane asusu yana zuwa da gigabait 15 kyauta a Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google a intanet. Mu yi lissafi: ɗalibai 60, kowane ɗalibi hoto shida a zango, zango uku, hoto ɗaya kamar megabait uku, duka bai kai gigabait uku da rabi ba. Murya ta minti ɗaya wajen megabait ɗaya take ci. Bidiyo ne mai haɗama, minti ɗayansa na iya lashe megabait 100, don haka a bar shi sai inda ba makawa, kamar gwajin kimiyya. Yaran da ba su kai shekara 13 ba Google ba ya barinsu su buɗe asusun kansu, saboda haka a firamare komai yana hannun malami. Akwai manhajoji irin su Seesaw da Google Classroom da ke wannan aiki, amma sun fi dacewa da makarantar da yara ke da na'ura da data a gida. Folda ta ishe mu.

A cikin Drive ka yi babbar folda ta ajin, a cikinta kowane ɗalibi da tasa, ka sa mata lambarsa ta rajista da sunansa na farko. Sunan fayil kuma ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sai darasi: 2025-10-14 insha'i. In ka bi wannan tsari, fayilolin za su jera kansu daga tsoho zuwa sabo ba tare da ka taɓa su ba. Abin kamar ƙarami, amma ran da ka tarar da hotuna 400 duk da sunan lambobin kyamara, ranar za ka san amfaninsa.

Ɗaukar hoto yana da 'yar dabara. Ka shimfiɗa littafin a kan benci kusa da taga, ka tsaya ta yadda inuwarka ba za ta faɗa kan shafin ba, ka riƙe wayar a saman takardar daidai, kada ka karkata. Ka goge gilashin kyamara da gefen riga, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe komai. Rubutun fensir yana ɓacewa in ka kunna fitilar kyamara, don haka a kashe ta. Manhajar Drive tana da wurin sikanin takarda, wanda ke daidaita gefuna ya haɗa shafuka da yawa su zama fayil ɗaya. Kafin ka ɗauka, yaro ya rubuta lambarsa da kwanan wata a saman shafin, ta haka ko hotuna sun cakuɗe za ka gane mai kowane. Murya kuwa ba a ɗaukarta cikin hayaniyar aji. Lokacin tara, a bakin baranda, yaro ya faɗi lambarsa da ranar, sannan ya karanta sakin layi ɗaya. Wannan sakin layin dai shi zai sake karantawa a ƙarshen zango.

Mataki na gaba shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi aka fi wasa da shi: yaro ne zai zaɓi abin da zai shiga kundinsa. Duk sati biyu, misali ranar Juma'a kafin a tashi, ka ba su minti goma su buɗe littattafansu, kowa ya nuna aiki ɗaya. A ƙasan shafin ya rubuta jimla biyu: abin da ya sa ya zaɓe shi, da abin da zai gyara in zai sake. A karon farko kusan kowa zai ɗauko wanda ya ci goma bisa goma, ya rubuta "saboda na ci duka". Kada ka tsawatar. Ka tambaye shi, wanne ne ya fi ba ka wuya? Yarinya za ta buɗo shafin da jan biro ya cika, tana rufe shi da tafin hannu, ta ce, "Malam, wannan ai duk kuskure ne." Ka ce da ita shi ma a ɗauka, tare da gyaran da ta yi washegari. A ganina, kundin da ba kuskure a cikinsa bai da wani amfani, domin ba abin da za a kwatanta. Shafi biyu ne ke koyarwa: raba lambobi da ta ɓata a makon uku, da irinsa da ta warware a makon tara, da hannunta, har da wurin da ta goge ta sake. Malami ma yana da nasa zaɓin, aiki ɗaya ko biyu a zango da kowa zai saka, don a samu ma'auni ɗaya ga ajin duka.

Sharhinka ya zama gajere kuma takamaimai. "Da kyau" ba sharhi ba ne. "Yanzu kana sa aya a ƙarshen jimla, saura babban baƙi a farkonta" shi ne sharhi. In rubutu zai ci maka lokaci, ka yi shi da murya, daƙiƙa 20 ta isa.

Ɗorawa a intanet ba sai a aji ba. Ka tara a waya, ka ɗora sau ɗaya a mako inda sabis ke da ƙarfi, ranar da akwai wuta da caji. Amma kada ka wuce mako, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Ka sa mata makulli, ka kwafe komai a filashi ko kwamfutar makaranta a ƙarshen kowane wata. In za ka sayi memori a kasuwar Taminus ta Jos, ka gwada shi kafin ka dogara da shi, jabu sun yi yawa. In wani malami ne ya taya ka ɗauka da wayarsa, zai iya turo maka ta manhajar Xender ba tare da data ba. Ta WhatsApp kuwa, a turo hoton a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi har ƙananan rubutu su dushe.

Wajen nuna wa iyaye a yi hattara. Kada aikin yaro ya shiga zauren WhatsApp na iyayen aji, inda kowa zai ga kuskuren ɗan wani. Uban da ke da Gmail, ka buɗe masa foldar ɗansa kaɗai, da izinin kallo ban da gyara, kuma ka guji zaɓin da ke barin duk wanda ya samu adireshin foldar ya shiga. Wanda ba shi da babbar waya, ranar karɓar sakamako ta ishe shi. Ka miƙa wa yaron wayar ya yi bayani da bakinsa, kai kuma ka ce, "Hajiya, saurari karatunsa na Satumba, ga kuma na wannan makon." Minti uku ne, kuma uwar da ba ta yi boko ba za ta ji bambancin da kunnenta. In makarantarku ta amince, wani kaso na makin gwajin cikin zango zai iya fitowa daga kundin, bisa cikarsa da gyaran da aka gani, amma a sanar da yara ma'aunin tun makon farko.

A ƙarshen shekara, ka rage kowace folda zuwa ayyuka kamar goma, ka bar na farko da na ƙarshe a kowane fanni. Ka miƙa adireshin asusun da kalmar sirri ga shugaban makaranta don malamin aji na gaba ya ɗora daga nan, a kuma canza kalmar sirrin. Yaron da ya bar makarantar, a tura wa iyayensa nasa, sannan a goge shi daga Drive da wayarka da filashin, har da kwandon shara na Drive, wanda ke riƙe abin da aka goge tsawon kwana 30.