Idan Maƙwabci Ya Fara Ɗora Bene a Kan Tsakar Gidanka

Shekaru da dama, in na hau saman soron gidanmu a Gwammaja bayan la'asar, ina hango Dutsen Dala ɓaro-ɓaro, har in ga yara suna hawa da sauka. Bara aka sayar da kangon da ke gabas da mu. Wata uku bayan haka sai ga rodi ya miƙe sama da katangata. Abin da na koya a wannan rigima shi nake son in ba ka, tun ba ta zo ƙofarka ba.

Ka fara cire rai da hangen nesa. Mutanen bakin teku, masu sayen gida da tsada don su riƙa kallon ruwa ta taga, sun daɗe suna wannan ƙara, kuma galibi kayar da su ake yi. A Ingila, inda muka gaji yawancin dokokin kotunanmu, tun 1610 alƙalai suka ce kyan kallo daɗi ne kawai, ba haƙƙi ba ne da za a kai ƙara a kansa. Sarki Zeno na Rumawa ya taɓa hana toshe wa mutum kallon teku a birnin da yanzu ake kira Istanbul, amma wannan labarin da ne. Da na je wurin wani malami a unguwarmu ina kukan an tare mini Dala da iskar gabas, murmushi ya yi, ya ce a fiƙihun Malikiyya ma ba a hana mutum ɗaga gini a filinsa don ya tare maka rana ko iska. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Sai ya ce, "Amma Malam, tagoginsa ina suka kalla?"

A nan ƙarfinka yake. Risala, wadda duk wanda ya yi zaure ya karanta, ta hana mutum buɗe taga ta kusa da zai riƙa ganin cikin gidan maƙwabcinsa, ta hana buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, ta kuma hana haƙa abin da zai cutar da shi ko da a cikin filin mai haƙar ne. Malamai suna kawo gwajin da aka jingina wa Sayyidina Umar: a ajiye gado a ƙarƙashin tagar, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci to a toshe ta. Turawan ma sun karkato nan daga baya, domin a 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba wasu masu gidajen gilashi gaskiya a kan gidan tarihin Tate Modern na Landan, wanda baƙinsa ke tsayawa a baranda suna leƙen ɗakunansu. To kada ka tafi da maganar "ya tare min iska". Ka tafi da maganar iyalinka, da banɗaki, da madafi, da inda matan gida suke shanya su zauna ba mayafi.

Lokaci kuwa shi ne komai. Ranar da ka ga an sauke tifar yashi, ka je ka gai da magina, ka dubi kaurin ginshiƙai. Mai gini ƙasa ɗaya ba ya kashe kuɗinsa a rodi mai kauri da rami mai zurfi. In an zuba dekin ka ga an bar rodi yana leƙe a kusurwoyi, akwai wani hawa a gaba. Kafin a ɗora bulo na sama, mayar da taga daga yamma zuwa kudu magana ce ta minti biyar tsakanin mai gida da birkila. In an riga an yi filasta an saka gilashi, ka shiga shekara ta shari'a.

Ka sami mai ginin da kanka, ba ta bakin yaransa ba, kuma ka tafi da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa. Ni da limamin masallacinmu muka je. Na ce, "Alhaji, Allah Ya sanya alheri, Ya sa a shiga lafiya. Tagogin nan biyu na yamma a kan tsakar gidana suke." Ka je da mafita a hannunka: a ɗaga tagar sama da tsayin mutum, ko a sa gilashin da ba a gani ta cikinsa, ko a ja bango a gefen baranda. Ka tabo maganar indararo ma tun yanzu, don kada damina ta zo ruwan rufinsa ya riƙa zuba a jikin katangarka. Abin da aka amince a rubuta, ku sa hannu gaban mai unguwa, kowa ya riƙe kwafi. Gida yana canza hannu, magajin Alhaji bai san alkawarin baki ba.

In ya ƙi, sai ka tambayi takardar izinin gini. Takardar mallakar fili daban, izinin gini daban. Mutane da yawa suna haɗa su. Dokar tsara birane ta Najeriya ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a yi gini, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A Kano hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ce ke duba zane, da tazarar da za a bari tsakanin gini da iyakar fili, da yawan hawa, kuma ita ce ke iya shafa jan fenti ta dakatar da aiki. Ka rubuta ƙorafi da kwanan wata, ka haɗa da hotunan da ka ɗauka daga cikin gidanka ana ganin tagar, ka tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinka. Kada ka taɓa bulonsa ko ɗaya, kada ka tare wa tifa hanya, sai ka koma kai ne mai laifi. In nan ma ba a daidaita ba, kotun shari'ar Musulunci tana sauraron irin wannan ƙara ta cutar da maƙwabci.

Mu dai ba mu kai can ba. Alhaji ya toshe taga ɗaya, ya ɗaga ɗayar har kusa da silin. Dala kam yanzu sai na fita bakin titi nake ganinsa.