Yadda Za a Zaɓi Wurin Haihuwa Bayan Naƙuda Mai Wahala

Matar da ta sha wahala a haihuwarta ta baya, ko an yi mata tiyata, ko ta zubar da jini mai yawa, ko jijjiga ta kama ta, ko doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, bai kamata ta sake haihuwa a gida ba, komai ƙwarewar ungozomar ƙauyensu. Ta fara zuwa awo tun cikin yana ƙarami, ta riƙe katinta na baya, ta kuma faɗa wa malamar asibiti duk abin da ya faru ba tare da kunya ba.

Ƙaramin asibitin ƙauye ya wadatar wajen awo, amma ba a yin tiyata a cikinsa. Saboda haka maigida ya je babban asibiti da ƙafarsa ya tambaya ko akwai likitan da ke tiyata da daddare, da kuma ko ana ƙarin jini. Wannan ya fi zama dole ga wadda aka taɓa yi wa tiyata, domin tabon mahaifa yana iya yagewa ana tsakar naƙuda, kuma idan hakan ta faru babu lokacin neman mota. A Jigawa asibitin Jahun ya yi suna wajen karɓar haihuwa mai wahala, a Kano kuwa akwai asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano.

Idan garin yana da nisa, musamman da damina, gara ta koma gidan dangi kusa da asibitin da zarar wata 9 ya kama, bayan an tanadi kuɗi da 'yan'uwan da za su ba da jini.