Yadda za ka tace jita-jitar jinkirin littafin George Martin

Tun watan Yulin 2011 da littafi na biyar, A Dance with Dragons, ya fito, masu karatu suke zaman jiran littafi na shida a jerin labarin George R. R. Martin, wato The Winds of Winter. Jira in ya yi tsawo yana haifar da zance, kuma zancen ya yi yawa: wasu sun ce kuɗi ne suka kashe masa zuciya, wasu sun ce ya gama tuntuni ɓoyewa yake yi, wasu sun ce yadda aka ƙarasa fim ɗin Game of Thrones, wanda aka yi daga littattafan, ne ya sanyaya masa gwiwa. Ina cikin masu jiran, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ban ga laifin mai hasashe ba, ruwa ba ya tsami banza. Abin da nake so shi ne in an kawo maka zance ka san yadda za ka auna shi kafin ka tura gaba.

Fara da samun takarda ka jera shekarun da littattafan suka fito. Na farko 1996, na biyu 1998, na uku 2000, na huɗu 2005, na biyar 2011. Ka dubi tazarar da kyau: biyu, biyu, biyar, shida. Sai ka rubuta a gefe cewa fim ɗin Game of Thrones na tashar HBO ya fara a Afrilun 2011, ya ƙare a Mayun 2019. Wannan 'yar takardar ita ce ma'auninka. Duk wanda ya ce maka kuɗin fim ne suka sa tsohon ya daina aiki, tambaye shi me ya riƙe littafi na huɗu shekara biyar, alhali lokacin babu fim babu dalilinsa. Wanda ya ce baƙin jinin da zangon ƙarshe ya yi a 2019 ne ya tsorata shi, tuna masa cewa kafin a kai 2019 an riga an yi shekara takwas ana jira. Mai yiwuwa waɗannan abubuwa sun ƙara wa jinkirin nauyi, ban musa ba, amma ba su ne tushensa ba. Hasashen da bai iya bayyana tazarar 2000 zuwa 2005 ba, rabin bayani ne.

Bayan haka ka koyi raba maganar mutumin da maganar da aka ɗora masa. Martin yana da shafinsa mai suna Not a Blog, a nan yake faɗin abin da ke ransa, kuma ya sha nanata cewa ranar da ya gama, a nan za a fara ji. In an turo maka hoton bangon littafi mai kyau da kwanan wata a ƙasa, ko aka ce wani kantin littattafai na intanet ya sa ranar fitowa, je shafin ka duba. Kantunan kan cusa kwanan wata na wucin gadi don kada gurbin ya zauna babu komai, su kuma masu neman a danna labarinsu sai su ɗauka su yi kanu da shi.

Ko maganar tasa ma kashi biyu ce, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Akwai inda yake ba da labarin abin da ya riga ya faru, akwai inda yake ƙiyasta abin da zai faru. Na farkon ka riƙe shi, na biyun ka sa masa alamar tambaya. A ƙarshen littafi na huɗu ya rubuta cewa yana fatan na biyar zai biyo baya shekara mai zuwa. Sai da aka yi shekara shida. A farkon Janairun 2016 ya yi dogon rubutu yana bayyana cewa an ba shi wa'adin ƙarshen Oktoban 2015 bai cika ba, aka ƙara masa zuwa ƙarshen shekara, nan ma bai cika ba, don haka zango na shida na fim zai riga littafin. A 2019 har cewa ya yi in ya isa babban taron marubuta da za a yi a ƙasar Niyu Zilan a 2020 babu littafin a hannunsa, a kulle shi a ɗaki sai ya gama. Ni ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba. Mutum ne da bai iya ƙiyasta ƙarshen aikinsa ba, kuma shi da kansa ya yarda da haka. Amma da ya ce a ƙarshen 2022 yana da shafi 1,100 zuwa 1,200 a rubuce, wannan labari ne na abin da ke ƙasa. Ragowar 400 zuwa 500 da ya ce sun rage, wannan kuma ƙiyasi ne.

Zancen cewa ya gama littafin, har ma da na bakwai da zai rufe jerin, yana jiran wata rana ta musamman, ba ya buƙatar dogon nazari. Tambayi kanka wa zai amfana. Kamfanonin da ke buga masa, Bantam a Amurka da HarperCollins a Ingila, sun ga kasuwar da ba za ta sake dawowa ba tana wucewa a gabansu lokacin da fim ɗin ke tashe. Da akwai littafi a ƙasa, da ya fito tun lokacin.

Hasashen ayyukan gefe ya fi wannan ƙwari, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Gaskiya ne ya fitar da littattafan tarihin duniyar labarin, The World of Ice and Fire a 2014 da Fire & Blood a 2018. Gaskiya ne yana da hannu a fim ɗin House of the Dragon da aka fara a 2022, ya kuma tsara tarihin duniyar wasan bidiyo na Elden Ring. Yana da gidan sinima da kantin littattafai a Santa Fe inda yake zaune. Hanyar auna wannan ita ce ka tambayi wane aiki ne yake cin irin lokacin da littafin yake bukata. Tace jerin littattafan Wild Cards da marubuta da yawa suke haɗuwa su rubuta, misali, tun 1987 yake yinsa, bai hana shi fitar da littafi uku cikin shekara huɗu ba. Tafiye-tafiye kuwa daban ne. Ya faɗa da bakinsa cewa ba ya iya rubutu a otal ko a jirgi, sai a gida, a kan tsohuwar kwamfutarsa da ba ta haɗe da intanet, da tsohuwar manhajar WordStar. Shi ya sa a 2020, da annobar korona ta zaunar da kowa, ya ce ya rubuta ɗaruruwan shafuka. Wannan hujja ce mai kyau ga masu cewa hidimomi suna cinye shi. Sai dai ka ci gaba da tambaya: shin hidimomin ne suke janye shi daga littafin, ko wahalar littafin ce take tura shi wajen hidimomin?

Amsar da na fi gamsuwa da ita tana cikin littattafan kansu, kuma kowa zai iya gwadawa. Buɗe na farko ka ƙirga mutanen da ake ba da labari ta idanunsu. Takwas ne, ban da gabatarwa. Buɗe na biyar ka ƙirga: goma sha shida, ban da gabatarwa da rufewa. Suna warwatse a garuruwa daban-daban, wasu a wata nahiyar, kuma dole littafi na shida ya fara tattaro su. Asalin shirin ma littafi uku ne. Bayan na uku ya so ya tsallake shekara biyar a cikin labarin don yaran su girma, ya yi ta rubutu a haka, ya ga bai yiwu ba, ya watsar ya sake sabon lale. Wannan yana cikin abubuwan da suka cinye shekarun 2000 zuwa 2005. A na biyar kuma ya maƙale a abin da ya kira ƙullin Meereen: mutane da dama suna kan hanyar zuwa Meereen, birnin da Daenerys, ɗaya daga cikin manyan jaruman labarin, take, kuma wanda ya riga isa yana sauya duk abin da zai biyo baya. Ya rubuta zuwan Quentyn, ɗaya daga cikin masu tafiyar, a lokuta daban-daban yana gwadawa, bai samu mafita ba sai da ya ba Barristan, wani mayaƙi da ke cikin birnin, nasa babukan. Manyan yaƙe-yaƙe biyu da ya kamata su rufe littafin, na Meereen da na kusa da fadar Winterfell, aka tura su na shida. Ke nan littafin da muke jira ya fara ne da bashi a wuyansa.

Ƙanwata tana rubuta labari a WhatsApp, irin wanda ake saki shafi-shafi kullum bayan isha'i, mata suna ta turo mata saƙon ina ci gaba. Wata rana na same ta a tsakar gida da littafin rubutu a cinya, ta ja layuka da jan biro tsakanin sunaye, wayar tana kife a kan tabarma. Na tambaye ta me ya tsayar da labarin. Ta ce, "Yaya, na aurar da yarinyar nan zuwa Zariya tun farko, yanzu kuma ita kaɗai ce ta san sirrin, ga shi ina bukatarta a Kano daren bikin. Kowa ya riga ya karanta, ba damar in goge." Na ce ta sa ta zo ganin gida mana. Ta ce in ta zo za ta haɗu da kishiyar uwarta, su biyun kuwa bai kamata su ga juna ba sai ƙarshe. Mutum shida ne kacal a labarinta. Martin ya ce marubuta iri biyu ne, mai zanen gini da ke tsara komai kafin ya aza tubali, da mai lambu da ke shuka iri ya ga abin da zai tsiro, kuma shi mai lambu ne. Mai irin wannan hali in babi na talatin ya nuna masa cewa na goma bai daidaita ba, komawa yake ya rushe. Don haka adadin shafuka ba ya tafiya gaba kawai, yana iya ja da baya.

In za ka gwada wani sabon hasashe, ka haɗa shi da babukan da ya riga ya saki ko ya karanta a taro, masu ɗauke da sunayen mutanen labarin: na Theon, na Arianne, na Alayne, da wanda ake kira Mercy. Suna nuna cewa farkon littafin ya daɗe da samuwa, har wasu daga cikinsu ragowar na biyar ne. Ba sa nuna komai game da tsakiya da ƙarshe, inda igiyoyin za su haɗu. Wanda ya kafa hujja da su cewa aiki ya kusa, ya ɗora musu abin da ba su ɗauka ba.

Akwai zancen da nake roƙon ka bari ya mutu a hannunka: lissafin shekarun mutumin da lafiyarsa. An haife shi a 1948, kowa ya sani. Ana yawan kawo misalin Robert Jordan, wanda ya rasu a 2007 bai kammala nasa jerin ba, Brandon Sanderson ya ƙarasa shi a littafi uku daga bayanan da ya bari. Tarihi ne na gaskiya, amma a tsaya gaban mutum mai rai ana tsara wanda zai gaje aikinsa rashin tarbiyya ne, kuma ya nuna a fili cewa abin yana yi masa ciwo. Rai a hannun Allah yake, nasa da namu. Ban da haka, wannan zancen ba ya bayyana dalilin jinkiri ko kaɗan, don haka ba shi da gurbi a takardarka.

Alamar gaskiya kuwa an taɓa ganinta, za ka gane ta. A 2011, farkon watan Maris aka sanar da ranar 12 ga Yuli daga shafinsa da kamfanin bugawa a lokaci guda, a ƙarshen Afrilu ya tabbatar ya gama, littafin kuma ya fito a ranar da aka faɗa. Tsakanin sanarwa da fitowa wata huɗu ne da 'yan kwanaki. In labari ya zo maka babu sunan kamfanin bugawa, babu shi a shafin marubucin, ga kwanan wata shekara guda a gaba, tambayi wanda ya turo inda ya samo shi, kuma kada ka tura wa kowa sai ya nuna maka.