Wane Babur Za Ka Fara Shiga Filin Tsere da Shi?

Duk wanda ya tambaye ni a nan Jos, amsata ɗaya ce: kada ka fara da babur mai cc 1000 (cc shi ne ma'aunin girman inji). Irin Yamaha R1 ƙarfinsa ya kai na doki kusan 200. Kai da ka saba da Bajaj Boxer mai cc 100, da ka murɗa totur a kan kwana, tayar baya za ta zame kafin ka ankara.

Nemi ƙarami tukuna. Yamaha R3 cc 321 ne, KTM RC 390 cc 373, Kawasaki Ninja 400 kuma cc 399, duk ƙarfinsu doki arba'in da 'yan kai. Ni Ninja na zaɓa, ɗan kwatano. Ba shi da nauyi, idan ka yi kuskure yana yi maka uzuri, kuma tunda ba zai cece ka a miƙaƙƙiyar hanya ba, dole ka koyi inda ake taka birki da yadda ake kwantar da babur a kwana. Ga sauƙin kuɗin taya, don manyan injina cin taya suke kamar gara.

Mai cc 600 irin Yamaha R6 sai hannu ya faɗa. Ƙarfinsa yana can sama, sai injin ya yi kuka sosai yake fitowa.

Ka tuna Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200, iska ba ta da kauri, inji yana ɗan rage ƙarfi. Ka sauka Abuja za ka ji bambanci.

Kafin ka biya, kai bakanike ya duba birki, kaca da shekarun taya. Ka ware kuɗin hular kwano mai rufe fuska da rigar fata.