Babi na 7: Matse Dutsen Gilashi Ya Zama Ƙwayar Adas

Duk wanda ya biyo mu daga babin baya ya riga ya iya naɗa narkakken gilashi a jikin tsinken ƙarfe har ya samu dutsen ado mai kewaye. Yau wannan dutsen za mu matse ya yi faɗi, tsakiyarsa da kauri, gefensa siriri, siffar ƙwayar adas. Irinsa ya fi kwanciya a ƙirji da wuyan hannu, ba ya mirginawa, kuma yana da fuska biyu da za a yi wa ado.

Kayan aiki

Ƙarfen matsi tagulla ce gida biyu, gindi da murfi. Kowanne an fafe masa rami, kuma akwai ɗan tsagi da tsinke zai kwanta a ciki. A jikin gindin akwai ƙusoshi a tsaye da murfin ke bi ya sauka daidai. Akwai kuma wanda aka ƙera kamar awartaki, ana riƙe shi a hannu. Ga mai koyo, rami mai faɗin milimita 15 ko 18 ya isa, da tsinke mai kaurin milimita 1.6 ko 2.4. Idan ba a samu na saye ba, masu injin sassaƙa ƙarfe a Gadarif ko Kasala, a nan Sudan, za su iya fafe muku, amma ku nace su goge cikin ramin ya yi sumul, domin ko ɗan ƙarcin da ido bai gani ba zai fito a fuskar kowane dutse.

Sai gilashi. Sandunan gilashi masu laushi, irin na Murano a Italiya, ana rubuta musu lamba 104. Akwai mai lamba 90, akwai mai tauri mai lamba 33. Lambar tana nuna yadda gilashin ke buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Kada a haɗa lamba biyu a dutse ɗaya, zai tsage ko da bayan kwanaki ne. Mai aiki da fasasshiyar kwalba, kamar yadda Masaga, masu sana'ar gilashi na Bida, suke yi a Nijeriya, ya riƙa yin kowane dutse daga kwalba guda, tunda kwalba ba ta zuwa da lamba.

Kafin a kunna wuta

Ba a wannan aiki a ƙarƙashin rumfar kara ko kusa da ɗakin ciyawa. A nemi inuwa mai rufin kwano, inda iska ke wucewa amma ba ta kaɗa harshen wuta. A tsakar rana ba a ganin harshen wutar gas sosai, nan ake ƙonewa. Tukunyar gas ta zauna a inuwa, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Tufafi na auduga. Iyaye mata ku ɗaure bakin mayafi ta baya, maza ku naɗe hannun jallabiya. Gilashi in ya shiga wuta yana fitar da haske rawaya mai gajiyar da ido, tabaran didimiyam ne ke tare shi, tabaran rana ba ya yin wannan aiki. Ranar da iska ta taso da ƙura kuwa, a rufe kaya a huta.

Gwaji da laka

Ga abin da nake so ya zauna a zuciyarku: ƙarfen matsi ba ya ƙara gilashi, ba ya rage shi. Abin da kuka ba shi, shi zai baje. Saboda haka kafin ku ɓata sanda ko ɗaya, ku ɗauki laka mai laushi ko kwaɓin fulawa, ku kwantar da tsinke a tsagi, ku cika ramin, ku rufe, ku share abin da ya tsattsafo. Ku buɗe, ku mulmula lakar a jikin tsinken ta yi kamar ɗan dabino, ciki da kauri, baki biyu sun tsuke. Ku ajiye ta a gabanku. Girman gilashin da za ku naɗa ke nan, siffarsa ke nan. Sannan ku wanke ƙarfen, ku bar shi ya bushe ƙarƙaf.

Naɗi da awo

Tsinke ya sha kunun yumɓunsa, wanda ke hana gilashi kama ƙarfe, tun jiya, ya bushe. Ku ɗumama shi, ku fara da ɗan siririn naɗi, ku ɗora shi a saman rami ku gwada tsawo. Ya kamata ya gaza ramin da kamar milimita 1 ta kowane baki, domin matsi zai tura gilashi ya cike wurin. In ya gaza da yawa ana iya ƙarawa. In ya zarce, babu gyara, sai a sake wani. Idan tsawo ya yi daidai, sai a tara gilashi a tsakiya har ya kai girman lakar nan.

Ku kula da bakin huda, wato inda tsinke ya ratsa dutsen, ya ɗan lotsa ciki, kada ya yi tsini. Wannan tsohuwar matsala ce a sana'ar. Duwatsun gilashi da aka yi a birnin Al-Khalil na Falasɗinu sun daɗe suna shigowa Sudan, har Darfur. A shekarun 1930 fataken Hausawa suka riƙa sayen su a hannun matan nan ƙasar, su goge bakunansu a dutse domin su zauna da juna a zare, su kai Kano. Har yau masu tara su a Turai da Amurka da sunan Kano suke kiran su. Ku da wuta ke hannunku, ku gyara bakin tun yana da zafi, ba sai kun zauna guga ba.

Lokacin matsi

A nan gwaninta take. Ku narkar da dutsen duka ya yi ja har ciki, ku fitar da shi daga wuta kuna juya tsinke. Da farko zai yi haske ruwan lemo, yana neman zubowa. Kada ku matsa a wannan lokaci, zai karkace, yana iya manne wa tagulla. Ku ci gaba da juyawa na 'yan daƙiƙu, hasken zai ja baya ya koma ja mai duhu, gilashin ya daina rinjaya. To, yanzu. Ku kwantar da tsinke a tsagi, dutse a tsakiyar rami, ku sauke murfi a miƙe, a hankali, ku danna sau ɗaya, ku ɗaga. Abin bai wuce daƙiƙa biyu ba. Wanda ya makara har jan ya ɓace, in ya danna da ƙarfi yumɓu ne zai fashe, dutsen ya kama tsinke, ya yi asarar duka biyun.

Ku duba abin da ya fito. In gefe bai cika ba, ku ɗiga gilashi kaɗan a gefen da ya gaza, ku narkar, ku sake matsawa. In siririn fiffike ya fito a kewaye, gilashi ya yi yawa: ku zafafa wurin kaɗai, ku tsince rarar da hantsaki. Za ku kuma ga zobba-zobba a fuskar dutsen, sawun sanyin tagulla ne. Ku haska fuska ɗaya a wuta har ta yi sheƙi, ku fitar ta ɗan huce, sannan ɗayar. In kuka bar shi a wuta ya yi ja duka, zai dunƙule ya koma yadda yake da. Bayan matsi da yawa a jere ƙarfen kansa yakan yi zafi ya fara kama gilashi, sai a bar shi ya huce.

Sanyaya

Matsattsen dutse ya fi mai kewaye saurin tsagewa, domin gilashin da ke saman tsinke siriri ne, ga shi tagulla ta zuƙe zafin fatarsa alhali cikinsa na da zafi. Tsagar takan bi layin huda ta raba shi biyu. Don haka ku zagaya da shi can ƙarshen harshen wuta ya ɗumama ko'ina, sannan ya shiga tanderu. Gilashi mai lamba 104 yana so ya zauna a zafin digiri 510 zuwa 520 na ma'aunin Salshiyos, rabin awa ko fiye, sannan a riƙa rage zafin sannu a hankali. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a binne dutse a bargon zaren da ba ya cin wuta ya huce, a tara su, ranar da aka samu tanderu a sa su tun yana sanyi, a hau da zafin a hankali. Bargo yana hana tsagewar nan take ne kawai, a ganina bai dace a kai dutse kasuwa ba sai ya shiga tanderu.

Da ya huce, a jiƙa shi a ruwa, a riƙe tsinke da filaya, a murza dutsen ya fita. A goge cikin huda yana cikin ruwa, domin ƙurar yumɓun ba ta da kyau ga huhu.

Aikin aji

Kowa ya auna ramin ƙarfensa da rula, ya rubuta faɗinsa a littafi da lamba. Ya yi gwajin laka, ya rubuta tsawon abin da ya mulmula. Sannan ya matsa duwatsu biyar launi ɗaya, a gaban kowanne ya rubuta ɗaya daga cikin kalmomin nan: ya cika, ya gaza, ya yi yawa, ya tsage. Ku zo da littafin da duwatsun duka, har da waɗanda suka lalace.